Tankar Hitila da Gizon Baba Saje

Yau dai sai ku yi mini haƙuri, ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, ba kuma na kishiya da 'yar riƙo ba. Labarin wani ɗan abin wasa ne na roba wanda tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, amma ya sa ni, da furfura ta fara leƙo mini a gemu, na ji kunyar wani tsoho da ya shekara ashirin da wani abu a kabari.

Ni ɗan Tudun Wadar Gusau ne. Duk wanda ya yi ƙuruciya a garin nan a ƙarshen shekarun 1980 ya san da zarar an yi girbi kara ya bushe, to mu yara kakarmu ta yanke saƙa. Sai mu nemi reza, mu feƙe ɓawon kara, mu yayyanka totuwa, ƙayar aduwa ita ce ƙusa, taya kuwa daga tsohon silifa muke yanko ta. Wani ya yi Fijo, wani ya yi gingimari har da yaron mota a maƙale a baya. Kada mai karatu ya ɗauka wasa ne na ga-ta-nan ga-ta-nanku. Muna da alƙalanmu. In ka ce tirela ka yi amma tayoyin baya ba su cika ba, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu don dariyar da za a yi maka. Tun muna yara mun san abu ko dai ya yi kama da na gaske ko bai yi ba.

A lokacin akwai wani gidan kallo a Sabon Gari, bidiyo ne da talabijin ɗaya da ɗan janareta, inda muke kai 'yan kwabbanmu na tara. Galibi fim ɗin Indiya ne da na Cana, amma wata rana aka sa na yaƙin Turawa. Ba mu jin ko kalma ɗaya, mu dai mun gane su wane ne jarumai, su wane ne mutanen bos. Can sai ga wata ƙatuwar mota mai sarƙa a ƙafa ta kunno kai, ga igwa zanƙaleliya a gaba, ga baƙin kuros mai farin gefe a jikinta, kowa a fim ɗin yana gudun ceton rai. Wani babba a bayanmu ya ce, "Tankar Hitila ke nan." Tun daga ranar na sa ta a rai.

Mako guda na yi ina fama. Sarƙar na yi ta da cikin kwali mai tudu da kwari, igwar da sillen kara, kanta kuma na ɗora shi a kan ƙaya ɗaya yadda zai riƙa juyawa, kuros ɗin na zana da gawayi da alli. Duk unguwarmu ba wanda bai sara mini ba. Da Babbar Sallar 1991 ta zo, muka shirya zuwa Bungudu gaishe da dangin mahaifina, na rungume ta a cinya cikin mota, ko hannun ƙanena ban bari ya taɓa ta ba. Mutum ɗaya nake so ya gan ta.

Ƙanen kakana ne, duk gari Baba Saje ake ce masa. Kowa ya san ya je yaƙin Hitila, ya dawo da lambobin yabo, kuma mu jikoki da shi muke cika baki a makaranta. Na same shi a zaure a kan buzu yana jan carbi, na durƙusa na gaishe shi, sannan na ajiye masa ita a gaba ina jiran yabo.

Ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Kai aboki, mi kaz zo da shi haka?"

Na ce, "Tankar Hitila ce, Baba. Irin wadda kuka yaƙa."

Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Mu? Wa yag gaya maka? Ni tun da anka haihe ni ban taɓa sa ido ga tankar Hitila ba. Inda munka tahi ko jaki sai ya yi da gaske yake wucewa, dawa ce da duwatsu da ruwa. Da ƙahwa munka shiga, da adda munka sare hanya, kayanmu bisa kai. Abinci daga sama jirgi ka jeho muna shi. Mu 'yan Gizo ne, aboki. In kana son yin abin da munka yi, to ka yi mutum da gammo."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauki abina na fito, muka koma bayan gida da 'yan'uwana muna ƙyalƙyala dariya, wai tsufa ya fara taɓa Baba Saje, ya haɗa yaƙin duniya da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ban sake tambayarsa komai game da yaƙin ba har Allah Ya karɓi abinsa a 1998.

Shekara talatin cif bayan waccan Sallah, a 2021, ƙanen maiɗakina ya dawo daga karatu a Malesiya, ya kawo wa ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, tsarabar wani kwali. A bayan kwalin an zana tanka, da gani na gane ta kamar na ga tsohuwar budurwa. An rubuta Tiger I, kamfanin Tamiya na ƙasar Jafan, ma'auni 1/35. Da muka buɗe ba tanka muka gani ba, ɓangarori ne na roba birjik a manne a jikin wasu firam, da takardar zane mai nuna wannan ya shiga nan, wancan ya hau can. Ma'anar 1/35 ita ce duk inci ɗaya a jikin abin wasan, inci 35 ne a jikin ta gaske. Tankar gaske tsawonta har bakin igwa ya kusa mita takwas da rabi, don haka tamu in an gama za ta kai kamar santimita 24. Yaro ya duba ya ga aiki ne ja, ya tura kwalin ƙarƙashin gado.

Sai ga watan Satumba. 'Yan Zamfara ba sai na tuna maku ba. Aka sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, sannan aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Ni malamin makaranta ne, sai ga ni a gida, ga yara a gida, waya ta koma tocila da agogo. A cikin wannan zaman ne na jawo kwalin nan na kaɗe masa ƙura.

Maiɗakina ba ta so ba. Ta ce, "Haba Malam, muna cikin wannan hali, kullum motocin soja masu sulke na wucewa a titi, mutane na gudo wa daga ƙauyuka da tabarmi a ka, kai kuma abin da za ka zauna ka koya wa yaro ke nan, kayan yaƙi?" Na ce mata ai lissafi ne da haƙuri yake koya, ba kisa ba. Ta yi shiru, amma irin shirun da ka san ba a yarda da kai ba.

Kullum bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da yanka da reza da gogewa da abin gyaran farce, shi da shafa gam. Tayoyi suka fi ba mu wahala, domin sun shiga juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Muna cikin haka wata rana sai ga sallama. Wani tsohon abokina ne bakanike daga Tsafe, tun lokacin da na yi koyarwa a can muka saba, gyaran tarakta da katafila ne sana'arsa. Da yake babu waya, zumuncin dā ya dawo, mutum sai dai ka gan shi a ƙofa. Ya ba ni labarin yadda hanyar ta zama, daga Tsafe zuwa Kwatarkwashi zuwa Gusau, tafiyar da ba ta kai awa guda ba amma sai mutum ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka a ƙasa. Da ya sha ruwa sai idonsa ya faɗa kan aikinmu. Ya ɗauki gangar jikin ya kifa ta, ya daɗe yana kallon ƙafafun, sannan ya ce, "Malam, wanda ya zana wannan bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba. In ta ciki ta lalace, sai ka kwance na waje nawa kafin ka kai gare ta? In kuma laka ta shiga tsakaninsu ta bushe fa?" Muka yi dariya, na ce masa ai Jamusawa sun fi shi sanin ƙarfe.

Da muka gama haɗawa sai batun fenti. Takardar ta nuna wasu launuka da lambobi, ni kuwa na ce a'a, na san kalar tankar Hitila tun ina yaro, toka ce mai duhu. Na je wurin wani mai fentin mota na samo ɗan ragowa a gwangwani, muka shafe ta sumul tana ƙyalli, muka manna kuros, muka ɗora ta a kan talabijin. Duk baƙon da ya shigo sai ya tanka.

Bayan 'yan makonni aka maido da layin waya a cikin Gusau. Daren farko, maimakon in yi abin kirki, sai na shiga intanet neman hoton irin tankarmu don in nuna wa yaro. Rashin sani ya fi dare duhu! A daren na gane cewa abin da ke kan talabijin ɗina ba a taɓa yin irinsa a duniya ba.

Ga yadda abin yake. Kamfanin Henschel da ke birnin Kassel ne ya ƙera Tiger I daga 1942 zuwa watan Agusta na 1944, duka-duka kimanin 1,350. Nauyinta ya kai tan 57, mutum biyar ke cikinta, faɗin bakin igwarta milimita 88, kaurin ƙarfen gabanta santimita 10. Amma ba duka suke iri ɗaya ba, ana ƙerawa ana sauye-sauye. Na farkon suna da tayoyi masu bakin roba har 24 a kowane gefe. A farkon 1944 aka koma tayoyin ƙarfe, aka rage su zuwa 16. Tamu mai tayoyin ƙarfe ce, wato 'yar 1944 ce. To amma tun watan Fabrairu na 1943 sojan Jamus suka daina fentin toka, suka koma ruwan ƙasa mai ɗorawa-ɗorawa, kamar rairayin gulbi, ana ba mayaƙa kore da ja-ja su yi dabbare-dabbare da kansu a fagen fama, wani ya sirka da fetur, wani da ruwa, shi ya sa da wuya ka ga biyu masu kala ɗaya sak. Na biyu kuma, daga wajen watan Agusta na 1943 zuwa Satumba na 1944, ana shafa wa tankokin wani kwaɓi a masana'anta mai suna Zimmerit, har da garin katako a cikinsa, a yi masa layi-layi kamar yadda magina ke zana yaɓen makuba da yatsu. Amfaninsa wai kada nakiya mai maganaɗisu ta manne a jiki. Duk Tiger mai tayoyin ƙarfe da wannan yaɓe ta fito. Kamfanin ya bar wa mai haɗawa ya yi yaɓen da hannunsa, mu kuwa ba mu yi ba. Ke nan mun ɗauki tankar 1944 mun sa mata rigar 1942, muka kuma bar ta ba yaɓe. Kamar mutum ne ya zana Dutsen Kwatarkwashi ya sa masa ƙanƙara a ka.

Abokina na Tsafe kuwa ashe gaskiya ya faɗa. A ƙasar Rasha laka da ƙanƙara kan cushe tsakanin tayoyin nan su daskare da dare, da safe tanka ta kasa motsi, kuma canza ta ciki sai an kwance na waje da dama. Ga faɗi, in za a ɗora ta a jirgin ƙasa sai an cire sarƙar an sa wata siririya. Bakanike bai taɓa jin sunan Kassel ba, kallo ɗaya ya yi wa roba ya gano ciwon da ya dami sojan Jamus shekara tamanin da suka wuce. Wannan shi ya fara nuna mini cewa in an yi kwaikwayon abu daidai, yana iya faɗin gaskiya ga mai ido.

Har fim ɗin da ya ruɗe ni ina yaro bai tsira ba. Yawancin tankokin Hitila da muke gani a finafinai ba su ba ne. A Kelly's Heroes na 1970 da Saving Private Ryan na 1998, tankokin Rasha ne samfurin T-34 aka yi wa kwalliya suka fito a matsayin Tiger, kuma masu ido daga tayoyi suke kama su. A Battle of the Bulge na 1965 ma na Amurka ne kawai aka manna wa kuros. A fim ɗin Fury na 2014 kuwa an sa ta gaske, wato Tiger mai lamba 131, wadda sojan Ingila suka kama a Tunisiya a watan Afrilu na 1943, take ajiye a gidan tarihin tankoki na Bovington. Shi kansa ma'aunin 1/35 da ya zama gama-gari ba wani lissafin tarihi ya haife shi ba. A farkon shekarun 1960 Tamiya suka yi tankar Panther ta wasa mai tafiya da batir, suka yi girmanta daidai yadda batir da ɗan inji za su shiga, da aka auna sai ya faɗa 1/35, aka ɗore a haka.

Da farko abin dariya ya ba ni. Na ga manyan mutane, wasu da jikoki, suna jayayya a kan ko ƙusoshin murfin inji shida ne ko takwas, ko wannan madubin leƙe an fara sa shi a watan kaza ne ko na gaba. Na ce lallai wanda ya ƙoshi shi ke ƙirga ƙusa. Na kuma lura da wani abu da ya fi kuskuren fenti girma. In ka dubi jerin kwalayen da ake sayarwa sai ka rantse Tiger ce ta cika fagen yaƙin, alhali Amurka kaɗai ta ƙera Sherman sama da 49,000, kuma mafi yawan sojan Jamus da ƙafa suka yi yaƙin, dawaki ke ja masu kaya da igwa, sama da miliyan biyu da rabi a tsawon yaƙin. Ba kuma za ka ga hoton mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka ci da yaƙi aka sa su aikin dole a masana'antun Kassel a bayan kwali ba. Ana iya samun kowace ƙusa daidai, labarin kuma ya zama ƙarya.

Ina cikin wannan bincike ne na ci karo da sunan wani ƙauye a Faransa kusa da birnin Liyon, ana ce masa Chasselay, daga nan dariya ta ƙare. A watan Yuni na 1940 Faransa ta tura sojojinta baƙar fata su tare Jamusawa a wurin. Sunan rundunar 'yan Senigal, amma irin waɗannan sojoji daga ko'ina cikin ƙasashen rainon Faransa na Afirka ta Yamma ake kwaso su, Mali da Gini da Barkina Faso da Kwaddibuwa har da maƙwabtanmu Nijar. Da harsashi ya ƙare suka miƙa wuya ranar 20 ga wata. Jamusawa suka ware Turawan cikinsu gefe, suka kora baƙaƙen cikin wani fili, kimanin mutum 50, tankoki biyu suka buɗe masu wuta, sannan suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Yau akwai maƙabarta a wurin mai jan gini irin na ƙasar Mali, sojojin Afirka 188 ke kwance a ciki.

Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan wata runduna ta SS. Sai a 2019 aka gano wasu hotuna takwas da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar. Masana suka zauna suka yi wa hotunan irin kallon nan da nake yi wa dariya, wace irin tanka ce, wace alama ke jikinta, wane irin kaki mutanen ke sanye da shi. Suka tabbatar Panzer IV ce, ta Runduna ta 10 ta tankokin sojan Jamus na yau da kullum. Bayan kusan shekara tamanin, ƙirga ƙusa ya nuna wanda ya yi kisa. Na ɗaga kai na dubi tamu a kan talabijin. Kalar tokar da na nace a kanta, wadda ba ta dace da Tiger ɗinmu ba, ita ce kalar tankokin Jamus na 1940.

Washegari yaron ya same ni na sauko da ita ina jujjuyawa. Na gaya masa kurakuranmu, yana ta dariya. Can sai ya ce, "Abba, wai ita wannan ta mutanen kirki ce ko ta mugaye?" Mako uku muna aiki tare, na koya masa ma'auni da haƙuri, ban taɓa gaya masa wannan ba. Uwarsa na bakin murhu, ba ta ce uffan ba, ban kuma yarda mun haɗa ido ba. Na zaunar da shi na gaya masa wane ne Hitila, da yadda ya ɗauki baƙar fata da Yahudawa, da abin da aka yi a filin nan na Faransa. Ya yi jim, sannan ya ce, "To mu namu mutanen wace iri suka hau?"

Nan take muryar Baba Saje ta faɗo mini, har da tarinsa. Na koma waya, wannan karon ba tanka nake nema ba. Sojojin ƙafa na Nijeriya a yaƙin duniya na biyu ba da Jamusawa suka kara ba. Da Italiyawa suka fara a gabashin Afirka, inda birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941. Daga baya aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su Bama su yaƙi Jafanawa. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, ƙasar da babu hanyar mota, suka sare hanya da hannu, jiragen sama ke jefo masu abinci da harsashi, kuma akwai rukunoni na musamman na sojoji 'yan dako da ke ɗaukar kayan runduna a ka. Wata birged ta 'yan Nijeriya zalla kuma aka haɗa ta da dakarun Chindit. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung. Sunayen nan muna jin su kullum ba mu san daga ina suke ba: barikin Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Duk tsarabar Bama ce.

Sai na ga hoton alamar da sojan Runduna ta 81 ke ɗinkawa a kafaɗa. Baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle. Kwamandansu ne ya zaɓe shi saboda Ananse, wato Gizon tatsuniyar mutanen Gana. Alamar ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Mai karatu, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tsohon nan bai ruɗe ba. Sunan rundunarsa ya gaya mini, da ƙasar da suka shiga, da aikin da ya yi, cikin jimla biyar, ni kuma na fita bayan gida na yi masa dariya don bai yi kama da fim ba.

Da hanya ta ɗan lafa na ɗauki yaron muka tafi Bungudu wurin Goggo, 'yarsa da ta rage. Bayan gaisuwa na ce mata ko akwai wani abu na Baba da ya saura. Ta shiga ɗaka ta fito da wani tsohon gwangwanin alewa. A ciki akwai tauraro na tagulla mai tsini shida, da ƙyallensa ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe, wato lambar da ake ba wanda ya yi yaƙin Bama. Akwai kuma takardar sallama, gara ta ci fiye da rabi, lambarsa ta soja ma ta tafi. Amma abin da ya rage ya isa ya nuna cewa a rukunin 'yan dako ya yi aiki, kuma babu igiya ko ɗaya a hannunsa.

Na ce, "Goggo, ashe Baba ba Saje ba ne?"

Ta ce, "Yo ɗan nan, shi ya taɓa ce maka Saje ne? Mutanen gari sunka laƙaba mai da ya dawo. Ya yi ta hanawa har ya gaji. Shi dai kullum abin da yake hwaɗi, kaya ya ɗauka, kuma ya binne abokai da yawa da zawo da zazzaɓi sunka kashe, ba harsashi ba. Tsakiyar kansa har ya rasu gashi bai sake tsirowa ba."

Ka ji fa. Ashe mu ma a gidanmu mun yi wa tsohonmu fentin da ba nasa ba, mun sa masa igiya uku don ya fi daɗin faɗi a makaranta, shi kuwa yana ta nuna mana gammo. Na san adadin tayoyin Tiger na farko da na ƙarshe, na san watan da aka daina yaɓa mata kwaɓi, amma lambar sojan ƙanen kakana ta tafi cikin gara, kuma lokacin da yake da bakin faɗa mini ban tambaya ba. Biyi Bandele, ɗan Kafanchan, ya saurari labaran mahaifinsa, ya fitar da littafin Burma Boy a 2007. Mu marubutan Hausa, da Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, da kusan kowane gari a ƙasar nan yake da nasa ɗan Bama, me muka ajiye? Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, yau ga mu cikin namu tashin hankalin. Nan da shekara hamsin wa zai faɗi daidai wane ƙauye aka tasa a wace shekara, su wa aka binne, su wa suka ɗauko tsofaffinsu a baya zuwa Tsafe da Gusau? In ba mu rubuta da ƙididdiga irin ta masu ƙirga ƙusa ba, wani zai zo ya shafa mana kalar da ya ga dama.

Tankar tana nan, ban sake mata fenti ba, na dai sauke ta daga kan talabijin na mayar da ita kan kantar littattafai. Da kaka ta yi na sa aka kawo mana kara daga Bungudu, na nuna wa yaron yadda ake feƙe ɓawo ba a yanke yatsa ba. Hannuna ya manta da yawa, sai da muka ɓata wajen goma. A ƙarshe dai muka samu mutum ya tsaya da ƙafafunsa, da akwatin ashana a ka, da ɗan gammo na zare, uwarsa kuma ta yanko mana ƙyalle rawaya ta ɗinka baƙin gizo da allura, muka manna masa a kafaɗa. Mun auna shi da rula, santimita biyar, daidai ma'aunin 1/35. Yana tsaye kusa da tankar, kansa da kayansa ko tsayinta ba su kai ba.

Wanda duk yake da tsoho a gida, soja ne ko manomi ko ungozoma, don Allah ya je da biro da takarda tun yau. Allah Ya jiƙan Baba Saje da abokan tafiyarsa, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin. Wassalam.